Askin Ronaldo da Takobin Kantu

Mushen Bagalam: Salamu alaikum 'yan zaure. Abin da ya same ni a aji ne ya hana ni barci, na ce bari in zuba shi a baiti. Mai amsa ya zaɓi amsa-amon da ya ga dama.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Mutanen Maraɗi, ku zo mu yi tattaunawa.
Jiya a aji na tambayi yarana,
Kowa ya faɗi gwanin da yake so ya yi kamawa.
Rabi suka ce Ronaldo, rabi suka ce Messi,
Guda ya ce Mbappe, yana ta ƙyalƙyacewa.
Na ce, to a cikinku wa ya san Yakuba Kantu?
Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.
Ɗan Maraɗin da ya ɗau takobi a Tawa a 1975,
Takobin farko na ƙasa a fagen kokowa.
Filin kokowar garin nan sunansa aka sa,
Suna wuce ƙofarsa, babu ko waiwayawa.
Aski sun kwafa, sun sa riga mai lamba bakwai,
Littafin lissafi kuwa gara na ta cinyewa.
Ku gaya mini, mutanen nan na cikin tele,
Sun isa yaro ya yi koyi da su, ko kuwa?

Ɗan Kasawa Har Abada:

Mushe, ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri,
Kai ka kalli kai ne, ka tsaya a kan aski.
Sadio Mane daga ƙauyen Bambali ya fito,
Ya gina musu lakwal da asibiti, ba faɗa da baki.
Osimhen ruwan leda ya sayar a titin Legas,
A 2023 ya zama gwarzon Afirka, sakamakon aiki.
Yaron da ke tallan ƙanƙara a Sabon Gari,
In ya ji wannan, dole ƙarfi ya shiga jiki.
Ga namu Alfaga a Riyo, a 2016,
Azurfa ya kawo, Nijar ta kwana tana biki.
Da shekara ta zagayo ya ci duniya a taikwando,
Wanda bai yi alfahari ba, shi ne abin mamaki.

Maman Nafi ta Mokoyo: Ni ban iya waƙa ba, amma wannan ta taɓa ni.

Ɗana, bakinka da zaƙi, amma ni ce da yaro,
Ni ke gadin ƙofa har sha biyun dare.
Jika uku na ba shi ya yi mini cefane,
Ya dawo da rigar Madrid, kuɗina sun ƙare.
Da asuba in tashe shi kamar ina tura gungume,
An buga ƙarfen lakwal, idonsa bai ware.
Ga caca ta shigo musu har cikin salula,
Ita da ƙwallo yanzu tafiya suke tare.
Asibitin Mane yana can Sanagal, Allah ya biya shi,
Nawa ko tsakar gida bai taɓa share mini ba, balle zaure.

Ɗan Kasawa Har Abada: Inna, wannan baitin na ƙarshe ya yi zafi. Na kai gwiwa ƙasa.

Baba Gago na Tibiri: Tun da an ambaci Kantu, dole tsoho ya miƙe.

Ku matsa mini, yara, ni na sha ƙurar fage,
Na kayar da maza, ni ma an kai ni ƙasa.
Kar ku ce 'yan kokowa waliyyai ne,
Mu ma da masu rigima, da mai dogara ga layarsa.
Amma in ka kayar da mutum, kai za ka ɗaga shi,
Ku rungumi juna, makaɗi na kiran sunan ubansa.
Yaro na zaune a gefe, da idonsa ya gani,
Gobe zai gamu da gwanin a kasuwa, ya gaisa.
Na tele fa? Minti casa'in ake nuna maka,
Sauran rayuwar tana can Turai, da nisa.
Zidane ya tunkuyi mutum a wasan ƙarshe na 2006,
Jan kati ya raka shi, ya wuce kofi kansa a ƙasa.
Maradona an kore shi a 1994 kan ƙwaya,
Duk ƙwarewar nan ba ta rufa asirinsa.
Ban ce a tsane su ba, ƙafa kam Allah ya ba su,
Na ce dai yaro ranar kofi kawai ake nuna masa.
Gudun asuba cikin yashin Gulbi babu mai ɗauka a hoto,
Mu can muka zubar da gumi kafin ranar gasa.
Isaka Dabore ya dambatu a Munik a 1972,
Tagullar farko ta Nijar, shi ma yau ba a zancensa.

Hadiza Mai Tsaron Gida: A ba ni baiti biyu kacal, ina sauri.

Kuna ta yaro, yaro, mu 'yan mata fa?
Ƙanwata na tare ƙwallo, mazan layinmu sun shaida.
Hoton wa za ta liƙa a bangon ɗakinta,
In duk wanda ya gan ta sai ya ce koma gida?

Mushen Bagalam: Hadiza, kin kama ni, ajina ma rabi mata ne kuma ban ko lura da abin da suka ce ba.

Baba Gago, baitinka ya warware mini ƙulli,
Ashe laifin har da ni, da ban kawo ka ba tun tuni.
Ran Litinin ka zo aji da ɗamararka da guraye,
Ka faɗa musu gudun Gulbi, ka nuna tabon jini.
Ɗan Kasawa ya zo da ƙwallo da labarin Mane,
Maman Nafi, turo mai rigar Madrid ya zauna kusa da ni.

Maman Nafi ta Mokoyo: Zai zo, in ya tashi. A ranar Lahadi akwai wasa da dare.

Baba Gago na Tibiri: Mushe, na amsa. Sai dai a turo mini kabu-kabu, gwiwar hagu ta ƙi tun damina.