Wai gwamnati na da iyaka a kan kasuwancin mutum kuwa?

Mai_Gidan_Burodi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana shari'a ku taimaka min. Ina da ɗan gidan burodi, yara shida ke aiki a ƙarƙashina. Cikin wata biyu mutane kala uku suka zo, waɗannan kuɗin shago, waɗancan kuɗin allon talla, wasu kuma wai tsafta, kowa da rasit ɗinsa kowa yana cewa shi ne gwamnati. Ranar Talata na dawo daga sayen fulawa na tarar an garƙame min ƙofa da kwaɗo, kwaɓi na ciki ya kumbura ya yi tsami, buhu biyu na yi asara wallahi, kuma ba takardar gargaɗi ba sammaci. Shin kundin tsarin mulki ya sa musu iyaka ne ko duk abin da suka ga dama shi ne doka?

Barista_B:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Malam. Iyaka akwai, amma ba irin wadda mutane ke zato ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ce kar a taɓa ɗan kasuwa ba, raba iko ya yi, ya ce wannan na tarayya ne wannan na jiha wannan na ƙaramar hukuma. Akwai jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su banki, kwastan, rajistar kamfani, har da ma'auni da sikeli. To gidan burodi fa da sunansa aka ambace shi a jadawali na huɗu, cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da shaguna da gidajen abinci da wajen wanki da guga da allunan talla na waje. Kenan tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya zo ita ce, daga ina kake kuma wace doka ce ta turo ka? Sashe na 1(3) ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ba ta da tasiri daidai gwargwadon karon da ta yi.

Kuma kar ka ɗauka magana ce ta takarda kawai. A 2013 Kotun Ƙoli ta ce lasisin otal hurumin jiha ne ba na tarayya ba, a shari'ar da aka yi da jihar Legas. A Nuwamba 2024 ma ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba saboda caca ba ta cikin wancan jeri na majalisar tarayya, Abuja kaɗai za ta yi aiki. Batun kwaɗon naka kuwa, a ganina nan ne suka fi rauni, in ba su ba ka sanarwa ba kuma ba su ji ta bakinka ba.

Tsohon_Ɗan_Kwari:
Barista ka yi magana mai daɗi amma mu da muka tsufa a kasuwa mun san dawan garin. Duk misalan da ka kawo gwamnati ce ke faɗa da gwamnati a kan wa zai karɓi kuɗin, ba wai a bar talaka ya sha iska ba. In giwaye suna kokawa ai ciyawa ce ke ji a jika. Canjin kuɗi fa? Sai da Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara sannan ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin 200 da 500 da 1000 su ci gaba da yawo, alhali kafin nan mutane sun kwana a layin banki, masu tumatir da kayan gwari jarinsu ya ruɓe a gabansu, wa ya biya su? Yaro ka je ka lallaɓa a buɗe maka kawai, kuɗin lauya ya fi buhu biyu.

Ɗalibar_Shari'a:
Baba Alhaji da girmanka, amma ba kullum ba ne. Masu shagunan Filin Idi na Kano da aka rushe a 2023 ai ba gwamnati ba ne, 'yan kasuwa ne suka haɗu a ƙungiya suka je babbar kotun tarayya, ta ce a biya su biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Eh ya ragu sosai, amma da sun yi shiru ko sisi. Sashe na 44 ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar doka kuma a biya diyya ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai dai Malam mai burodi kar mu yaudare ka, shi wannan sashen yana da togaciya, bai hana karɓar haraji ko tara ba, kuma bai hana a ɗauki mataki a kan abin da zai cutar da lafiyar mutane ba. Abinci kake sayarwa, in aka ce tsafta kotu ba ta wasa da ita. Sannan sashe na 16 da ake yawan kawowa, mai maganar kare haƙƙin kowa na yin sana'a, yana babi na biyu ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke wannan babin, malaminmu ma cewa yake kyan ɗan maciji gare shi.

Mai_Gidan_Burodi:
Na gode ƙwarai. Baba gaskiyarka, na riga na biya an cire kwaɗon jiya don yara ba za su zauna ba aiki ba. Amma rasit ɗin da aka ba ni babu ko hatimi, da biro aka rubuta. Barista wannan zai yi amfani?

Barista_B:
Ajiye shi, ka ɗauki hotonsa ma. Ka rubuta ranar da aka rufe da ranar da aka buɗe da sunayen maƙwabtan da suka gani, sannan ka tambayi sauran masu gidajen burodi na unguwarku ko su ma an yi musu, in kun kai goma ku sa shugaban ƙungiyarku ya rubuta wasiƙa ɗaya ana neman a nuna muku dokar da ta yanka wannan kuɗi da nawa ta yanka. Nawa aka karɓa a hannunka jiyan?