Madatsar ruwa ce ta kawar da kwaɗon Kihansi, ko cuta ce?

Malam Sani: Ina nan a kan bakata cewa madatsar ruwa ce ta kawar da kwaɗon Kihansi daga daji. Wannan ɗan kwaɗo mai launin rawaya, wanda bai kai tsawon babban yatsa ba, kuma yake haihuwar 'ya'yansa a raye maimakon saka ƙwai, ba a san shi a ko'ina ba sai a kwazazzabo ɗaya cikin tsaunukan Udzungwa na Tanzaniya, a fili mai kimanin hekta 2 da feshin magangarar ruwa ke jiƙawa dare da rana. Da aka karkatar da kogin Kihansi saboda tashar lantarki mai ƙarfin megawat 180, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ya ɗauke, ciyawar da yake fakewa a cikinta ta fara bushewa.

Hajiya Rabi: Malam, ban musanta wannan ba, amma an shimfiɗa bututun feshi a wurin, kuma kwaɗin sun farfaɗo kafin su zube kusan gaba ɗaya a 2003. Abin da aka samu a jikinsu cutar naman gwari ce da ake kira kitirid, mai lalata fatar da suke shan ruwa da numfashi ta cikinta, kuma ta yi irin wannan ɓarna a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya, a rafukan da babu madatsa.

Injiniya Bashir: Hajiya ta yi gaskiya. A tuna kuma cewa sai a 1996 aka gano kwaɗon, bayan an riga an fara aikin, ga ƙasar tana fama da ƙarancin wuta.

Malam Sani: Injiniya, ba wutar nake adawa da ita ba. Cuta ta fi samun galaba a kan dabbar da mazauninta ya lalace, kuma feshin bututu bai taɓa kai na magangara ba. Da ba a kwashe guda 499 zuwa gidan namun daji na Bronx a Amurka a 2000 ba, da an rasa irinsa har abada, domin a 2009 aka ayyana cewa ya ƙare a daji.

Hajiya Rabi: To, an fara mayar da su kwazazzabon a 2012, sai dai ƙwayar cutar tana nan a yankin. Ko an saki ruwan duka yau, Malam, da me za a kare fatarsu?