"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": ta dace da labarin Ayalan?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Ina so mu auna karin maganar nan da yadda Ingila ta shiga tsibirin Ayalan. A 1166 abokan gabarsa a cikin sarakunan tsibirin suka kori Dermot MacMurrough, sarkin Leinster, wani yanki na gabashin tsibirin. Sai ya haye teku ya kai kukansa wurin Henry na biyu, sarkin Ingila, shi kuma ya ba shi izinin ɗibar mayaƙa a ƙasarsa. Dermot ya yi wa wani basarake da ake kira Strongbow alkawarin 'yarsa Aoife da gadon sarautarsa. Mayaƙan farko suka sauka a 1169, Strongbow ya biyo baya a 1170 ya ci garin Waterford, a can aka ɗaura auren. Kafin 1171 ta ƙare Dermot ya mutu, Henry ya iso da kansa da runduna. A ganina karin maganar ta zauna daram.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ni "Da ɗan gari akan ci gari" zan kawo. Bango kan tsage ba da nufin kowa ba, damina ce ko tsufa. Shi kuwa Dermot da ƙafarsa ya je ya kira su, har da ba da 'ya. In ka ce bango ya tsage, ka raba laifin a kan mutanen tsibirin duka, alhali manomi bai aiki kowa ba.

Usman Ɗalibi: Iyayena, a yi mini afuwa in tsoma baki. Tun 1155 Fafaroma Adrian na huɗu, wanda shi kansa ɗan Ingila ne, ya ba Henry izinin mallakar Ayalan. Ashe da ma idonsu na kan ƙasar tun kafin a kori Dermot.

Malam Sabo: Madalla, Usman, amma lissafa. Daga 1155 zuwa 1169 shekara goma sha huɗu ke nan izini na hannu, ba a motsa ba sai da rikicin cikin gida ya buɗe hanya. Ai abin da karin maganar ke faɗa ke nan.

Malama Zainab: Malam, ban ƙi ta taka ba a kan shiga. Zaman da aka yi bayan shigar ne karin maganar ba ta ɗauka. Zuwa ƙarshen ƙarni na 15 ikon Ingila ya tsuke, bai wuce Dublin da kewayenta da 'yan wasu garuruwa ba. Jikokin mayaƙan farko ma sun saje da 'yan ƙasa, har sai da aka yi dokokin Kilkenny a 1366 aka hana su auren 'yan Ayalan da magana da harshensu. Wato mutane na haɗuwa, hukuma na raba su. Daga 1609 kuma aka ƙwace filayen Ulster, yankin arewacin tsibirin, aka zaunar da baƙi daga Sikotilan da Ingila.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce dokar 1704. Ɗan Katolika ya mutu ya bar 'ya'ya maza huɗu, sai a raba gonarsa huɗu, in su ma sun mutu a sake rabawa, har ta zama ba ta ciyar da gida. Amma in babban ɗan ya bar ɗarikar ubansa ya koma ta masu mulki, wato Furotesta, gonar duka tasa ce. Ku dubi uba yana kwance yana jinya, yana kallon ɗan farinsa, ya san doka ta sa wa yaron farashi a kan ƙannensa. Wannan ba bango ne ya tsage da kansa ba, da gangan aka sare shi, kuma a rubuce.

Hajiya Rabi: Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ga kuma yunwar da ta fara a 1845, da cuta ta ruɓar da dankalin turawa, abincin talaka. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar, ana kuwa loda hatsi da dabbobi a jiragen ruwa ana fita da su. Wa zai tsaya gaban uwar da ta binne 'ya'yanta ya ce mata bangonku ne ya tsage? Mu a gida, karin maganar nan gargaɗi ce, ana yi wa 'yan'uwa ita tun kafin baƙo ya ji kansu. Bayan ɓarna ta auku, faɗarta ga wanda aka cuta ƙarin ciwo ne.

Malam Sabo: Hajiya, na ji batun lokacin faɗarta. Sai dai ina nan kan bakana cewa tana da aiki ko a tarihi. Bayan yarjejeniyar 1921 tsakanin wakilan Ayalan da Birtaniya, wadda ta bar gundumomi shida na arewa a hannun Birtaniya, 'yan Ayalan da suka yi gwagwarmayar neman 'yanci tare suka juya wa juna bindiga daga 1922 zuwa 1923. A nan aka kashe Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, kuma ba sojan Ingila ne ya harbe shi ba.

Malama Zainab: Gaskiya ne, Malam. Amma a kan me suka rabu? A kan takardar da aka sa wa hannu a Landan, bayan firaminista Lloyd George ya gaya wa wakilan Ayalan cewa in ba su sa ba, yaƙi zai dawo nan take. Cikinta har da rantsuwar amana ga sarkin Ingila, wadda wasunsu suka ce ba za su iya haɗiyewa ba.