Waɗanda suka gwada azumin awa 16 don rage ƙiba, ku zo mu ji yadda ta kaya

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na fara tsarin nan na barin abinci awa 16, a ci cikin awa 8. Ina fara ci ƙarfe 11 na safe, in tsaya ƙarfe 7 na yamma, a tsakani sai ruwa da shayi marar sukari. Sati biyun farko kilo biyu da rabi suka zube, na yi ta murna. Daga nan sikeli ya tsaya cak, cikin wata uku da rabi kilo ɗaya kacal na ƙara ragewa. Gwiwata ta fara yin sanyi. Duk wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa min abin da ya gani, da mai daɗi da marar daɗi.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumussalam, Hajiya. Abin da ya zube a farkon nan yawancinsa ruwa ne. Jiki yana adana sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da mutum ya rage ci, ajiyar take fara ƙarewa, ruwan ya bi ta. Kitse kuwa sannu a hankali yake tafiya.

Ni ma na tsaya haka wata biyu cur. Abin da ya buɗe min ido, na sami littafi na riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina har kwana bakwai. Ashe abincin da nake ci sau uku a da, shi nake haɗawa in cinye cikin awa takwas, har da ƙari, don a raina ina ganin na sha yunwa, na cancanta. Agogo kawai na canza, faranti yana nan yadda yake. Da na koma ƙaramin faranti na daina ƙari, sai sikeli ya motsa.

Akwai binciken da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, aka wallafa a 2022. Mutum 139 aka raba gida biyu, duka aka rage musu yawan abinci, amma rukuni ɗaya aka ƙayyade masa ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma. Bayan shekara guda masu ƙayyadadden lokaci sun rage kusan kilo 8, sauran kusan 6, kuma masu binciken suka ce bambancin bai kai a dogara da shi ba. Wato rage abincin shi ne ya yi aikin.

Yar Auta:
Malam, ni kam agogon ne ya cece ni. Matsalata ba abincin rana ba ce, ciye-ciyen dare ne. Ina riƙe da waya, ina jefa biskit a baki, ga lemon kwalba a gefe, har sha biyun dare. Da na sa wa kaina doka cewa bayan ƙarfe 8 baki ya rufe, duk wannan ya faɗi da kansa. Wata shida, kilo shida. Kwanaki goman farko na sha wuya, ciki yana ta ƙugi daidai lokacin da ya saba samu, amma in na sha ruwa na yi haƙuri minti ashirin sai ya lafa.

Malamin Lissafi:
Ai maganarmu ɗaya ce, ƙanwata. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce wajen giram 50 a yini. Dokar da kika sa ta cire miki abu mai yawa.

Direban Dare:
Ni ban ji daɗinsa ba, kuma gara in faɗa. Aikin dare nake yi. Na gwada sati uku, na riƙa jin jiri a kan sitiyari, ga ciwon kai, ga saurin fushi har iyali suka fara ƙorafi. Ranar da na ji idona yana lumshewa a kan hanya na ce ya isa haka, da rayukan mutane a bayana. Yanzu sau uku nake ci, sai dai na rage soye-soye, na ƙara ƙwai da wake da ganye, kuma ina tattaki rabin awa kafin in fita aiki. A hankali nake raguwa, amma hankalina a kwance.

Anti Nas:
Ɗan'uwa ka yi daidai. A asibiti nake aiki, kuma na ga wadda aka kawo tana rawar jiki da gumi, sukarinta ya faɗi ƙasa warwas. Tana shan maganin ciwon sukari, ta ga ana yayin wannan azumin ta shiga ba tare da ta gaya wa likitanta ba. Mai allurar insulin ko ƙwayoyi irin glibenclamide, kada ya kuskura sai da sanin likita, don dole a gyara masa adadin maganin. Mai ciki, mai shayarwa, yara masu tasowa, da wanda ya taɓa samun lalurar ƙin cin abinci, wannan ba nasu ba ne.

Ni kaina tsarin 5:2 na bi, wanda ɗan jaridar nan na Birtaniya Michael Mosley ya yayata a 2012. Kwana biyar ci kamar kullum, kwana biyu a tsaya a kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 500 a yini ga mace, 600 ga namiji. Na riƙe shi wata biyar, na rage kilo huɗu. Abin da ya sa na bari, washegarin ranar ragewa nakan ci fiye da ƙima, sai na ga ana tufka ana warwara. Maman Biyu, tambaya ɗaya: barcinki awa nawa ne? Ƙarancin barci yana tayar da sinadarin da ke sa jin yunwa, na gani a jikina duk satin da nake kwanan aiki.

Maman Biyu:
Anti, da ƙyar nake samun awa biyar, ƙaramin yana tashina. Kuma maganar Malam ta taɓa ni, don sai yanzu na tuna duk ragowar abincin yara ni nake cinyewa don kada a zubar, ban taɓa lissafa shi a matsayin ci ba. Gobe zan fara rubutawa. Yar Auta, in kina shan shayi da safe, kina zuba madara, ko baƙinsa kike sha?

Yar Auta:
Baƙi, Yaya. Kwana uku na farko ɗaci ya hana ni, sai na riƙa matsa lemon tsami kaɗan. Yanzu in aka sa min sukari ma ba na iya shanyewa.