Sakan ɗaya a Jordan-Hare: ina kuke lokacin da Chris Davis ya cafe ƙwallon?

Bakatsinen Opelika:

Assalamu alaikum jama'a. Na san a cikinmu akwai waɗanda ƙarshen 2013 ya riske su a jihar Alabama, wasu suna karatu, wasu suna aiki. Ina so kowa ya faɗi inda yake da abin da ya gani a wasan Auburn da Alabama na ranar Asabar 30 ga Nuwamba a Jordan-Hare, filin Auburn, wanda aka tashi 34 da 28. Ana 28 da 28, saura sakan ɗaya, Alabama ta buga ƙwallo zuwa sanduna daga nesa ba ta kai ba, Chris Davis ɗan wasan Auburn ya cafe ta ya ruga har gidan Alabama, Auburn ta ci wasan.

Ga waɗanda ba su bibiyar ƙwallon jami'o'in Amurka (American football, wadda ake riƙewa da hannu): Alabama ce ta ɗaya a ƙasar a lokacin, ta buga wasa 11 ta cinye duka, kofin ƙasa na kakar 2011 da na 2012 duk suna hannunta, tana neman na uku a jere. Auburn tana ta huɗu, LSU kaɗai ta doke ta. Shekara guda kafin nan kuwa Auburn wasa 3 kawai ta ci, ta sha kashi a 9, ita Alabama ɗin ma ta lallasa ta 49 da nema. Ni ina da nawa ra'ayin kan inda Alabama ta zubar da wasan, amma bari waɗanda suka shiga fili su fara.

'Yar Zariya a Auburn:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni ina ciki, a ɓangaren ɗalibai, kuma a can ba a zama, a tsaye ake kallo tun daga sakin gaggafar da ke kewaya fili kafin a fara har a tashi. Mutum 87,451 aka ƙirga a ranar. Magariba ta kama mu wajen hutun rabin lokaci, na lallaɓa ƙarƙashin matakala na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla, wata ƙawata Baturiya tana tsaye tana riƙe min jaka, tana kare ni daga masu gudun zuwa sayen abinci.

Abin da mai kallon talabijin ba zai ji ba shi ne shirun da ya sauka lokacin da AJ McCarron, mai jefa ƙwallo na Alabama, ya jefa wa Amari Cooper ƙwallon nan ta yadi 99. An matse su a bakin gidansu, muna ta ihu har maƙogwaro ya bushe, sai ga Cooper ya ɓalle shi kaɗai yana tafiya. Fili ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Wata yarinya a gabana ta zauna a kan siminti ta rufe fuska da hula. 28 da 21, kashi na huɗu. Ni kam na sallama.

A bugun ƙarshe, daga inda nake ban ga lokacin da ƙwallon ta gaza ba. Na dai ga mutum ɗaya ya fito da gudu daga can ƙuryar fili, ya karkata hagu, ya bi gefen layi, ƙafarsa kamar za ta taka waje ba ta taka ba. Yana wuce tsakiyar fili sai bencin da muke tsaye a kai ya fara rawa. Ban sauka cikin fili da niyya ba wallahi, tura ni aka yi ta yi har na tsinci kaina a cikin shingen shukokin da ke gefen fili, takalmina ɗaya ya tafi, ban sake ganinsa ba. Da ƙafa ɗaya a safa na taka har Toomer's Corner, mahaɗar cikin gari inda 'yan Auburn ke bikin nasara. Itatuwan da aka saba lulluɓewa da takardar bayi an sare su tun watan Afrilu na shekarar, bayan gubar da wani magoyin bayan Alabama ya zuba musu, don haka wayoyin da aka ɗaura a wurin da duk wata bishiya da ke kusa su suka sha takarda.

Injiniyan Tuscaloosa:

Ƙanwata, ke kin rasa takalmi, mu mun rasa kofi.

A gidan wani abokin aiki na kalla, mu kusan cike da falo, kowa sanye da ja. Matarsa ta ware min kaza daban saboda ta san ba na cin abin da suke gasawa. Da T.J. Yeldon namu ya fita layi da ƙwallo agogo ya nuna sifili, har mutane sun miƙe za su ƙaro abinci kafin ƙarin lokaci. Sai aka nuno kocinmu Nick Saban yana ɗaga yatsa ɗaya yana neman a duba bidiyo. Da alƙalai suka maido sakan ɗin, falon nan tafi aka yi. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya kowa ya koma malami yana cewa ai da ma bai nema ba. A lokacin babu mutum ɗaya da ya ce haka.

Neman sakan ɗin daidai ne, ƙafar Yeldon ta taka waje kafin lokaci ya ƙare. Abin da aka yi da shi ne ban yarda da shi ba. Bugu zuwa sanduna daga yadi 57, ka ajiye mai bugunka Cade Foster da ya ɓarar da uku, ka ɗauko Adam Griffith, yaro sabon shiga, ka ce ya buga mafi nauyin bugu a kakar. To ko wannan ma a bar shi. Su wa ke cikin fili lokacin irin wannan bugu? Ƙattin da aikinsu tare gaba ne, mutane masu nauyin fam 300, sai mai bugu da mai riƙe masa ƙwallo. Gus Malzahn, kocin Auburn, ya nemi a tsayar da wasa, ya tura Chris Davis can baya, wanda shi ne mai maido musu da ƙwallo duk kakar. Kowa ya ga ya tafi ya tsaya. An ba ka lokacin tunani kyauta, ka ga tarkon da idonka, ka shiga. Da McCarron aka bari ya cilla ta sama, ko ma a durƙusa a tafi ƙarin lokaci. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai gidan bai ce uffan ba. Ya tashi ya kashe talabijin, ya fita bayan gida ya hau kankare wurin gashi da burushin ƙarfe. Muka sulale ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Bakatsinen Opelika:

Malam Injiniya, na ji ka, amma a nan muka raba hanya. Bugun yadi 57 ba wauta ba ce a wurina. A mafi yawan lokuta mafi munin abin da zai faru shi ne ƙwallon ta kauce a tafi ƙarin lokaci, kuma wa zai so ƙarin lokaci da ƙungiyar da ta kwashe yadi 296 a ƙasa a kansa? Tre Mason shi kaɗai ya ci 164. Masu tsaron Alabama sun gaji, kowa yana gani. Saban ya san idan aka ja wasan, Auburn ce ke da iska.

Inda aka zubar da wasan shi ne saura minti biyar da ɗoriya. Alabama tana gaba 28 da 21, tana kan yadi na 13 na Auburn, dama ta huɗu, wato ta ƙarshe kafin ƙwallo ta koma hannun Auburn, saura yadi ɗaya. Bugu daga nan kusan yadi 30 ne, maki uku, tazara ta koma goma, Auburn sai ta ci sau biyu a ɗan lokacin da ya rage. Saban ya ƙi bugawa saboda ya daina yarda da ƙafar Foster, ya ba Yeldon, Carl Lawson ya tare shi. Bayan nan suka sake samun dama, laifin riƙo ya mayar da su baya, Foster ya buga daga yadi 44 aka tare. Ka ga, ya ƙi ba shi mai sauƙin, ya dawo ya ba shi mai wuyar. Ka haɗa da wadda ya ci daga yadi 28 aka soke saboda wani ya motsa kafin lokaci, ya sake daga 33 ya ɓarar. Bugu huɗu Alabama ta yi a ranar, ko ɗaya bai shiga lissafi ba.

Ni a wani gidan cin abinci na kalla, kuma abin da ya ɗaga ni daga kujera ba gudun Davis ba ne, cin da Auburn ta yi kafinsa ne. Auburn ta yi ta ba Mason ƙwallo a kai a kai, agogo yana tafiya, har na gefena ya fara zagin Malzahn. Ashe lallaɓa su ake yi. Nick Marshall, mai jefa ƙwallo na Auburn, ya zare ƙwallon ya yi hagu kamar zai gudu, masu tsaro suka baro Sammie Coates suka yo kansa, sai ya sauya ta zuwa hannun dama ya cilla daf da layi. Yadi 39, saura sakan 32, 28 da 28. Wannan shiri ne, ba sa'a ba.

Injiniyan Tuscaloosa:

Shiri ne da ƙattinsu suka wuce gaba fiye da ƙa'ida alƙalai suka kau da kai. Je ka sake kallo.

Ɗan Maraɗi mai tasi:

Ranku ya daɗe, ni ban ga komai ba sai washegari, a kunne na sha wasan. Ina tuƙi a Birmingham, garin da aka daɗe ana buga wannan wasa a filin Legion kafin a fara kai shi Auburn a 1989. Titi fayau, ko a safiyar Kirsimeti ban ga garin haka ba. Na ɗauko wani dattijo daga filin jirgi, jirginsa ya makara, yana shiga ya ce in kamo masa tashar Alabama, muryar Eli Gold. Muna kan hanya aka maido sakan ɗin. Ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya a gefe, ba zai iya ji mota tana tafiya ba. Na tsaya, mita tana ci. Da aka gama ya daɗe yana kallon gilashi, sannan ya ce in koma tashar Auburn ya ji yadda su suka faɗa. Can kuwa Rod Bramblett da abokin aikinsa ba a ma gane abin da suke cewa, ihu ne kawai, ana ta maimaitawa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce mu tafi. Ya biya kuɗin tsayuwar bai yi ciniki ba.

Sabon Ɗalibi:

Don Allah yayyena a yi min bayani. Idan bugu bai shiga ba, ba shi ke nan ba? Ta yaya mutum zai ɗauka ya ruga da ita? Kuma wani wuri na ga yadi 109, wani wuri 100.

'Yar Zariya a Auburn:

Ƙanena, idan ƙwallon ta fice daga fili ta mutu. Amma ta Griffith ba ta kai sanduna ba, ta sauko cikin gidan Auburn, Davis ya cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa. Irin wannan tana da rai, yana da ikon gudu da ita, ko agogo ya kai sifili sai an kayar da shi wasa zai ƙare. Gidan zurfinsa yadi 10 ne, shi kuma yana yadi 9 a ciki, shi ya sa ake cewa 109. Hukumar wasannin jami'o'i ba ta ƙirga na cikin gida, a littafinta 100 ne. Wani abin kuma, shi Davis ɗin ne ya tura Yeldon waje daf da bugun, wato shi ya bar sakan ɗin.

Hajiya Maman Biyu:

Ni ina bakin aiki a wani asibiti a Montgomery, kowane ɗaki talabijin a kunne. Ban damu da wasan ba, amma na gane sakamakon daga tsakiyar baranda: ɗakuna na dama ihu, na hagu shiru, wani tsoho da aka hana tashi ya danna ƙararrawa don kawai ya sami wanda zai faɗa wa. Abin da ya tsaya min a rai yaron nan ne Foster. Ɗalibi ne fa, ba albashi ake biyansa ba, amma daren nan mutane suka bi shi a Twitter da zagi har da barazanar kisa. Ina da 'ya'ya sa'anninsa. Daga baya tsohon shugaban ƙasa George W. Bush ya rubuta masa wasiƙa da hannunsa, shi shugaba na 43, yaron kuma lamba 43 yake sawa. Ku masu lissafin yadi ku riƙa tunawa da iyayen yaran nan.

Ɗan Garwa a Atlanta:

Gaskiya ne Hajiya. Ni Alabama na goya wa baya don 'yan'uwan nan biyu, Cyrus da Arie Kouandjio, haifaffun Kamaru, suna tare gaba a ɓangaren hagu. Amma a Atlanta ba wanda ya yi mamaki sosai, don mako biyu kafin nan a wannan filin Auburn ta yi wa Georgia irin ta: dama ta huɗu saura yadi 18, masu tsaron Georgia biyu suka yi karo a kan ƙwallo, ta yi tsalle ta faɗa hannun Ricardo Louis, yadi 73, aka tashi 43 da 38. Maƙwabcina ɗan Georgia ne ya ƙwanƙwasa min ƙofa daren wasan Alabama, bai ce komai ba sai dariya.

Injiniyan Tuscaloosa:

Tunda an zo nan, a ƙarasa labarin. Auburn ta doke Missouri 59 da 42 ta ɗauki kofin yankin kudu maso gabas, ta tafi Pasadena wasan ƙarshe na kofin ƙasa ranar 6 ga Janairu 2014, ta shiga gaban Florida State 21 da 3, sannan Jameis Winston ya jefa wa Kelvin Benjamin saura sakan 13, aka tashi 34 da 31. Bakatsine, wannan ma shiri ne?

Bakatsinen Opelika:

Shiri ne Malam, na Florida State. Ku kuma kwana huɗu kafin nan Oklahoma ta ba ku 45 da 31 a New Orleans, ban ji ka kawo shi ba. Har yanzu dai ba ka amsa min batun yadi na 13 ba: da kai ne koci, za ka buga ko ba za ka buga ba?

Injiniyan Tuscaloosa:

Zan buga. Amma da Griffith, ba da Foster ba.