Abin da aka tattara kan maganar kukis

'Yan uwa, maganar da aka yi kan yadda za a yi da kukis na shafukan intanet ta yi tsawo, ga abin da na tsinta a taƙaice.

1. An yarda cewa kukis 'yan ƙananan bayanai ne da shafi ke ajiyewa a burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, don ya gane ka idan ka dawo. Wasu dole ne, su ke riƙe shigarka cikin akawun. Waɗanda suka dami jama'a su ne na kamfanonin talla, masu bin sawunka daga wannan shafi zuwa wancan. Shi ya sa in ka duba farashin takalmi yau, gobe tallarsa ta biyo ka har Facebook.

2. Kusan kowa ya ce idan shafi ya nemi izinin ajiye kukis, kada a danna amincewa da duka cikin gaggawa. A nemi maɓallin ƙi, ko a bar na dole kawai. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ƙarfafa neman izinin, Najeriya ma ta yi tata dokar kare bayanai a 2023.

3. Masu zuwa kafen intanet a cikin garin Katsina, musamman ɗalibai masu cike fom, su fita daga akawun ɗinsu kuma su goge kukis kafin su tashi. Ni wannan ya fi damuna, don kwamfutar ta mutum ɗari ce.

4. An rabu kan gogewa kullum. Wasu sun ce shi ne kwanciyar hankali, wasu suka ce sake shigar da kalmar sirri kullum wahala ce, gara burauza irin Firefox ko Safari da ke toshe masu bin sawu da kansu.