Tantanin injin tace ruwa ya gaji cikin shekara guda: ina neman shawara

Mai ruwan leda, Zango: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tantanin injina mai cire gishiri bai wuce wata goma sha huɗu ba, amma ɗanɗanon ruwan ya sauya, alhali an ce mini yana kai shekara uku zuwa biyar. Duk mako ina wanke shi da jabel, wato ruwan bilic, saboda tsoron ƙwayoyin cuta.

Mai gyaran injuna, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Alhaji. Jabel ɗin ne ya cinye shi, domin fatar saman tantanin da ake yi da wata irin roba mai suna poliyamid ba ta jure kilorin, sinadarin da ke cikin jabel, kuma ɓarnar taruwa take yi a hankali, ba ta gyaruwa. A ɗakin gwaji ma haka ake auna ƙarkonsa: a jiƙa shi cikin ruwan kilorin, a ninka ƙarfin maganin da yawan awannin da ya yi a ciki, sannan a duba gishirin da ya fara zurarewa. Idan ruwan famfo kake tacewa, ka sa tankin gawayi a gaban tantanin don ya tsame kilorin da ke cikin ruwan.

Hajiya, Birni: Alhaji, ka sayi ɗan alƙalamin auna gishirin ruwa da littafi guda. Kowace safiya yarana suna rubuta awon ruwan da ya shiga, da wanda ya fito, da litar da aka samu a awa. Sai ruwan ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari nake sa a wanke, da sinadarin sitirik, wato irin tsamin da ke cikin lemun tsami, don farin dutsen da ke kamawa, da soda don yauƙi, kowanne daban.

Mai gyaran injuna: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai a ƙara rubuta zafin ruwan. Kowane digiri guda yana ƙara gudunsa da kusan kashi 3 cikin ɗari, don haka a bazarar Damagaram tantanin da ya toshe zai yi kamar lafiyayye, sai hunturu ya tona shi. In an ɗauke ruwa kwanaki, kada a bar shi ya bushe.

Mai ruwan leda: Na gode, Allah ya saka. Malam, gobe bayan azahar ka zo da alƙalaminka mu auna kafin in sayi sabo.